Ido da Mudu: Matsalar Auna Gwanintar Ƙafa a Wasan Zamiyar Ƙanƙara

Hausawa kan ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Da wuya a sami wasan da ya gwada gaskiyar wannan karin magana, ya kuma nuna iyakarta, kamar wasan zamiya bisa ƙanƙara wanda mutanen ƙasashen sanyi suke yi tare da kiɗa. A kokawa ba a bukatar doguwar shari'a, domin wanda ya sha ƙasa kowa ya gan shi. A tsere kuwa akwai agogo. Amma a wannan wasa mutum tara ne za su zauna a bakin fili, su dubi ɗan wasa na tsawon minti 4, sa'an nan su mayar da abin da idonsu ya gani ya zama lamba. A cikin abubuwan da suke aunawa babu mai wuyar sha'ani kamar gwanintar ƙafa, watau yadda ɗan wasa yake sarrafa ƙarfen takalminsa a kan ƙanƙarar, kuma a nan ne shari'ar tasu ta fi rauni, alhali kuwa wannan gwaninta ita ce tushen wasan baki ɗaya.

Kafin a shiga cikin maganar, ya kamata mai karatu ya san abin da ake takawa. A ƙasan takalmin akwai wani siririn ƙarfe mai kama da ruwan wuƙa, wanda kaurinsa bai fi kimanin milimita 4 ba. Ba kaifi ɗaya gare shi ba kamar wuƙar fawa. An ƙwaƙule tsakiyarsa ne ya yi ɗan kwari, saboda haka yana da kaifi biyu, na ciki da na waje. Idan aka lissafa ƙafa biyu, da kaifi biyu, da tafiya gaba ko baya, za a ga hanyoyi takwas ke nan da mutum zai iya zamewa a kai. Gwani na ainihi shi ne wanda duk takwas ɗin suka zama ɗaya a wurinsa, ba ya da ƙafar da yake ɓoyewa ko gefen da yake gudu. Ana gane shi da taushin gwiwa, da yadda yake karkata jikinsa ƙwarai cikin kwana ba tare da tangaɗi ba, da yadda gudunsa ke ƙaruwa ba a ga lokacin da ya yunƙura ba. Har da kunne ma ana gane shi, domin ƙarfen gwani ba ya ƙarta, ba ya watsa garin ƙanƙara a inda bai kamata ba.

A zamanin da, masu wannan wasa suna da hanyar auna wannan abu wadda ba ta barin gardama mai yawa. Ana sa ɗan wasa ya zana da'irori a kan sabuwar ƙanƙara da ƙafa ɗaya, a siffar lamba 8 da dangoginta, ya maimaita sau uku yana bin sawunsa na farko. Idan ya gama sai alƙalai su matso, su sunkuya, su duba sawun. A nan za a ga ko da'irar ta cika, ko juyin ya fita da tsabta, ko kuwa ƙarfen ya kwanta a kan kaifi biyu inda ake son ɗaya. Daga waɗannan zane-zane ne wasan ya samo sunansa a Turance. Abin ya yi kama da almajirin da malaminsa ke duba allonsa baƙi bayan baƙi: rubutun yana nan a gabansu, babu wanda zai ce bai gani ba. Har zuwa 1968 waɗannan zane-zane na tilas su ne kashi 60 cikin 100 na makin gasa.

Sai dai fa abin yana da nasa aibin, kuma bai kamata masu begen jiya su manta da shi ba. A wasannin Olamfik na hunturu da aka yi a Sapporo ta Japan a 1972, Beatrix Schuba ta ƙasar Ostiriya ta ci lambar zinariya saboda ta yi wa sauran fintinkau a zane, ko da yake ta bakwai ta zo a wasan kiɗa. Janet Lynn ta Amurka, wadda ta zo ta ɗaya a wasan kiɗan, kuma 'yan kallo suka fi so, ta tashi da tagulla. Mai kallon talabijin bai ga zanen ba, don haka bai fahimci hukuncin ba. Daga 1973 aka shigo da gajeren wasa, aka rinƙa rage darajar zanen sannu a hankali, har Ƙungiyar Zamiyar Ƙanƙara ta Duniya, wadda aka fi sani da ISU, ta yanke shawarar soke shi a 1988. An yi na ƙarshe a gasar duniya ta 1990 a birnin Halifax na Kanada. Dalilan sokewar ba na banza ba ne: zanen yana cin awoyi masu yawa na haya a filin ƙanƙara, kuma ba ya jawo 'yan kallo. Amma ranar da aka soke shi, an jefar da mudu guda ɗaya tak da ake auna kaifi da shi, aka bar ido shi kaɗai.

Shekara goma sha biyu bayan haka sai idon ma ya shiga zargi. A Olamfik na 2002 a Salt Lake City, an ba Elena Berezhnaya da Anton Sikharulidze na Rasha zinariya a wasan mutum biyu, aka bar Jamie Salé da David Pelletier na Kanada a matsayi na biyu. Da maganar matsin lamba a kan alƙaliyar Faransa, Marie-Reine Le Gougne, ta fito fili, sai aka ba 'yan Kanadan tasu zinariyar su ma. Wannan abin kunya shi ya kashe tsohon tsarin da ake ba da maki har zuwa 6.0. A 2004 ISU ta karɓi sabon tsari, wanda aka fara aiki da shi a Olamfik a Turin ta Italiya a 2006. Manufarsa ita ce a ƙirga duk abin da ke ƙirguwa. Kowane tsalle da kowace katantanwa an yanka musu farashi, wani ƙaramin kwamiti na masana yana tantance abin da aka yi, alƙalai kuma suna ƙari ko ragi gwargwadon kyan aikin.

To, a wannan tsari gwanintar ƙafa ta sami gida biyu, kuma kowanne yana yoyo. Gida na farko shi ne jerin taku, watau wani ɓangare na wasan da ɗan wasa zai ratsa fili yana juye-juye da sauye-sauyen kaifi. An kasa shi mataki-mataki, kuma a ƙa'idar da aka daɗe ana bi, mai son mataki na huɗu sai ya kawo juyi da taku masu wuya guda 11, tare da wasu sharuɗɗa. Ba kowane juyi ake ƙirgawa ba. Akwai mai sauƙi wanda sawunsa ke fitowa kamar lamba 3, inda mutum ke juyawa zuwa cikin da'irar da yake bi. Akwai wanda ake kira baraket, inda yake juyawa saɓanin da'irar, jiki na son zuwa nan ana kai shi can. Akwai kuma roka, inda yake barin da'ira ya shiga wata ba tare da ya sake kaifi ba. Kwamitin masana yana duba ko an shiga juyin da kaifin da ya dace, an kuma fita da wanda ya dace. Wannan aiki ne mai kyau, amma ƙirga ce kawai. Abin da ya haifar shi ne, masu tsara wasa sun koyi cusa juyi goma sha ɗaya cikin jeri ko ta halin ƙaƙa, sai a ga yaro yana rarrafe a tsakiyar fili, yana juyi a kan ƙananan kwanoni marasa zurfi, ya kuwa sami mataki ɗaya da gwanin da ya yi nasa cikin gudu yana share filin daga bango zuwa bango. Ɗalibin da ya san awon waƙa ya san cewa baiti yana iya cika ƙafafuwansa daidai, amsa-amo ya zauna, amma ya fito lami.

Daɗin daɗawa, farashin da aka yanka wa abin ya nuna matsayinsa. A jadawalin da aka gyara a 2018, jerin taku na mataki na huɗu maki 3.90 ne, alhali tsallen Lutz mai juyi huɗu, wanda ba ya kai daƙiƙa ɗaya a sama, maki 11.50 ne. Ba wanda ke musun wuyar wannan tsalle ko haɗarinsa. Amma duk mai koyarwa ya iya lissafi.

Gida na biyu shi ne makin da ake bai wa wasan gaba ɗayansa. Da farko rukuni biyar ne, a 2022 aka mayar da su uku: tsarin wasa, da gabatar da shi, da gwanintar zamiya. Kowane alƙali yana ba da maki har zuwa 10, a zubar da mafi yawa da mafi ƙanƙanta, a raba sauran. A takarda an bayyana abin da za a duba ƙwarai da gaske: yawan nau'in kaifi da juyi, da tsabtarsu, da daidaiton jiki, da gudana, da ƙarfi da sauri. A aikace kuwa, duk wanda ya saba duba takardun sakamako ya san cewa makin rukunan nan tare suke hawa, tare suke sauka, da wuya a ga tazara mai yawa tsakaninsu. Kuma sukan bi suna, su bi tsalle. Wanda ya sauka daga tsallensa lafiya, sai a ga makin ƙafarsa ya tashi, kamar dai saukar ce ta gyara masa gwiwa.

Misalin da aka fi jayayya a kansa shi ne na Sochi a 2014. Adelina Sotnikova ta Rasha ta ci zinariya da maki 224.59, Yuna Kim ta Koriya ta Kudu ta bi ta da 219.11. Masu kare hukuncin suna da hujja mai ƙarfi, domin a dogon wasa Sotnikova ta yi tsalle mai juyi uku sau bakwai, Kim ta yi shida, kuma ISU ta yi watsi da ƙarar da Koriya ta shigar. Ba a nan take take ba. A makin rukunan nan na dogon wasa Kim ta sami 74.50, Sotnikova 74.41, alhali 'yan watanni kafin nan, a cikin kakar wasa guda, abin da ake ba Sotnikova ya gaza wannan da fiye da maki 10. Tsalle yana iya ƙi yau ya yiwu gobe. Amma zurfin kaifi da taushin gwiwa aikin shekaru ne, ba sa canzawa tsakanin kaka da hunturu. Ko dai an tauye ta da farko, ko an yi mata gyara daga baya, kuma ko wanne ne, mudun ne bai tsaya wuri ɗaya ba.

Ba lalle ne a ɗora wannan a kan rashin gaskiya ba, domin yadda aka tsara aikin ya isa ya haifar da shi. A ƙa'idar 2018, dogon wasa yana da abubuwa 12 da kowane alƙali zai bai wa maki ɗaya bayan ɗaya, daga ragin 5 zuwa ƙarin 5, yana danna na'ura wasan na tafiya. Lokacin da ɗan wasa ke tafiya tsakanin tsalle da tsalle, wanda shi ne lokacin da gwanintar ƙafa ke bayyana, a lokacin ne idon alƙali ke kan na'urarsa. Bayan haka kuma akwai kwamitin da ke bin diddigin alƙalan, ya tuhumi wanda makinsa ya yi nisa da na 'yan'uwansa. An yi haka don maganin son kai, amma ya koya wa alƙali cewa zaman lafiyarsa shi ne ya yi hasashen abin da sauran za su bayar. Hanya mafi sauƙi ta yin wannan hasashe kuwa ita ce ya tuna abin da aka ba ɗan wasan a gasar da ta wuce. A 2016 an daina ɓoye sunan alƙali daga makinsa, wannan kuwa ci gaba ne, sai dai bai ƙara wa kowa ido na biyu ba.

Masu cewa a dawo da zane-zanen da can suna neman abin da ba zai yiwu ba, kuma labarin Sapporo ya isa amsa. Abin da ya fi kusa da hankali shi ne a raba aikin. A ware wasu alƙalai waɗanda ba ruwansu da tsalle ko katantanwa, aikinsu kawai su dubi ƙafa tun daga farkon kiɗa har ƙarshensa, a kuma sake musu mara su ba mai tsalle huɗu maki 6 idan shida ƙafarsa ta cancanta. Sa'an nan a taimaka musu da na'ura. Gidajen talabijin na Japan sun riga sun nuna cewa ana iya auna tsayin tsalle da nisansa da saurin sauka. Abin da ya iya wannan zai iya faɗin daƙiƙa nawa ɗan wasa ya yi a kan ƙafa ɗaya, da sau nawa ya yi tunkuɗar neman gudu, da ko ya juya hagu kamar yadda ya juya dama. Waɗannan lambobi ba za su yanke hukunci ba, amma za su hana a kira tafiyar ƙafa biyu gwaninta.

Abin da ke cikin haɗari ya wuce lambar zinariyar mutum ɗaya, domin abin da alƙali ya saka wa, shi ake koya wa yara. Patrick Chan na Kanada, wanda ya ci gasar duniya sau uku a jere daga 2011 zuwa 2013, kuma masana suke buga misali da ƙafarsa, ya tashi ne a hannun Osborne Colson, tsohon da ya yi zamani da zanen tilas, wanda ya riƙa tsare shi a kan zamiya zalla da sauyin kaifi kafin a zo maganar tsalle. Colson ya rasu a 2006. Waɗanda suka yi gasa a Halifax a 1990 su ne sahun ƙarshe da alƙali ya sunkuya ya duba sawunsu a gasar duniya, kuma mafi yawansu yanzu sun haura shekara hamsin.