Jan ɗigo a allon oga ba shaidar lalaci ba ne

Matasa da yawa a Sakkwato yanzu da wayar hannu suke samun na cefane. Wani yana ƙidayar gidaje, wani rajistar manoma, wani kuma bin sawun rigakafin yara. A saka maka manhaja irin KoboCollect ko ODK Collect, ka shiga ƙauye kana cike fom, mai kula da aikin kuma yana ofis a cikin gari. Sau da yawa akan haɗa da wata manhajar sa ido da ke nuna masa kowace waya da ɗan ɗigo: kore idan tana kan layi, ja idan ba ta kai. Ra'ayina shi ne, duk wanda ya yanke wa ma'aikaci hukunci, ko ya zaftare masa kuɗi, da hujjar wannan ɗigon kaɗai, bai fahimci abin da ɗigon yake faɗa ba.

Ga yadda abin yake aiki. Manhajar da ke cikin wayar tana aika ɗan gajeren saƙo lokaci zuwa lokaci zuwa babbar kwamfutar da ke karɓar bayanai, wato sabar. Saƙon bai wuce "ina nan" ba, shi ya sa mu masu rubuta manhaja muke kiransa bugun zuciya. Idan sabar ta jira na wani adadin mintuna ba ta ji komai ba, sai ta mayar da ɗigon ja. Ke nan abu ɗaya tak jan yake nufi: rabon da a ji daga wayar an daɗe. Bai san dalili ba, bai san ko mai wayar yana barci ne ko yana tsaye a ƙofar gida na arba'in ba.

Manyan manhajojin sa ido ma ba su tsaya a launi biyu ba. Wazuh, wadda ake lura da kwamfutoci da ita daga nesa, ta raba matsayin zuwa huɗu: mai aiki, wanda ya yanke, wanda ke jiran a kammala haɗa shi, da wanda bai taɓa haɗuwa ba. Bambancin yana da muhimmanci. Na'urar da ba ta taɓa haɗuwa ba, galibi tun wajen saita ta aka samu kuskure, kuma wannan aikin ofis ne. Wadda ta haɗu da safe ta yanke da rana, labarinta daban.

To me ke yanke waya a jiharmu? Na farko sabis. Duk wanda ya taɓa nufar Gudu, Tangaza ko Isa ya san akwai wuraren da sai ka hau tudu kafin ka ga sanda ɗaya. A watan Satumbar 2021 ma, an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar saboda matsalar tsaro. A wancan lokacin kowace waya a can ja take, komai ƙwazon mai ita. Na biyu zafi da batir: a watannin Afrilu da Mayu zafin Sakkwato kan haura digiri 40, waya ta ɗau zafi, caji ya zube. Na uku ita kanta Android. Tun daga Android 6 da ta fito a 2015, idan waya ta daɗe a ajiye allonta a kashe, tsarin kan hana manhajoji taɓa intanet don a tanadi caji. Na huɗu, data ta ƙare kawai.

Kore ma yana ruɗi. Ku duba WhatsApp: alamar agogo na nufin saƙo bai bar wayarka ba, maki ɗaya ya isa sabar, maki biyu ya isa wayar mutumin. Kana iya ganin sabis cike amma saƙo yana kan agogo. Haka fom yake. Bugun zuciya ɗan ƙaramin abu ne, yana wucewa ko da layi ya yi rauni, amma fom mai hotuna biyar ya maƙale. Wani lokacin ma matsalar daga sabar take. A zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairun 2023, na'urorin BVAS sun tantance masu zaɓe, amma ɗora hotunan sakamako a shafin IReV ya yi jinkiri, INEC kuma ta ce tangarɗar fasaha ce a tsarinta.

Aikin yaƙi da shan inna ya nuna cewa rashin layi ba rashin aiki ba ne. A jihohin Arewa an riƙa ba tawagogin rigakafi wayoyi masu GPS, su ajiye sawun tafiyar a cikinsu, sai an dawo a kwashe a ga unguwar da aka shiga da wadda aka tsallake. Da irin wannan bibiya aka kai ga ranar 25 ga Agustan 2020, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji.

Na san abin da masu kula da aiki za su ce: akwai masu zama gindin darbejiya su cike fom ashirin da ka. Gaskiya ne, akwai su. Sai dai mai yin haka ya fi kowa zama kore, don kusa da eriyar sabis yake zaune. Abin da ke kama shi yana cikin fom ɗin: lokacin da aka buɗe shi, lokacin da aka rufe, da wurin da GPS ya nuna. Hirar minti talatin da aka gama cikin minti biyu ita ce abin tuhuma.

Don haka, ɗan uwa mai aikin fili, kare kanka. A ODK Collect fom yana hawa uku: wanda ba a kammala ba, wanda ke jiran turawa, da wanda aka tura. Kullum kafin ka kwanta ka duba, ka ɗauki hoton allon. Kada ka goge manhajar ko ka share bayananta alhali akwai fom da bai tafi ba, don a cikin wayar kaɗai yake. Cire manhajar daga jerin waɗanda tsarin tanadin caji ke kashewa, ka bar agogon waya yana saita kansa.

Mu kuma masu rubuta manhaja, mu daina wadatuwa da launi. Allo ya rubuta "an ji daga wayar ƙarfe 9:40 na safe, akwai fom 12 da ba su iso ba", kuma da Hausa. Oga da ya ga haka zai fara kiran waya ya tambayi lafiya kafin ya taɓa alawus ɗin wani.