Kwamfuta a zafin Yana: kada mu yi rowar fanka



Tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta a 2015, yaron da bai saba da ita ba yana shiga ɗakin jarrabawa a tsorace. Shi ya sa muke murna idan aka kawo wa makarantunmu kwamfutocin tebur. Sai dai sau da yawa zafi ne ke kassara su tun ba su tsufa ba.

Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, idan zafinta ya doshi digiri 100 sai ta rage gudu, ko kwamfutar ta mutu. Ga ƙurar hunturu tana toshe fanka, ga zafin Afrilu.

Haɗa ta kuwa ba tsafi ba ne. A daidaita alamar kusurwarta da ta mazauninta, a ajiye ta ba dannawa, a ɗiga mata man sanyaya kamar ƙwayar wake, a ɗaure fanka daidai, a jona wayarta.

Muna kira ga masu ba da gudummawa su haɗa da kuɗin fanka mai inganci da na horar da matasanmu. Ɗaukar kwamfuta har Azare saboda mai ya bushe asara ce.

Allah Ya sa mu dace.