A Sa Iyaye Su Riƙa Shiga Aji

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana da 'yan'uwana iyaye kan rashin kunyar da 'ya'yanmu suke yi wa malamai a makarantun sakandare. Ni manomi ne, ina kuma ɗan taɓa sayar da gero da wake ranar kasuwa. Karatuna bai wuce firamare ba, saboda haka a yi mini afuwa in na yi kuskure.

Watannin baya shugaban makaranta ya aiko mini da takarda in zo. Wai ɗana da ke aji biyar ya hana malamin lissafi sakat, yana kwaikwayon muryarsa, 'yan aji suna dariya. Gaskiya raina ya ɓaci, na yanke tsumagiya tun daga gida. Da na je sai shugaban ya ce, "Malam, ajiye bulalar nan tukuna, shiga ka zauna a bayan aji."

To Edita, abin da na gani ya fi abin da aka gaya mini. Na ƙirga yara har 90 da 'yan kai, wasu a kan taga, wasu a ƙasa. Alhali tsarin ilimi na ƙasa cewa ya yi malami ɗaya ga ɗalibai 40 a sakandare. Malamin kuwa ɗan bautar ƙasa ne daga kudu, ba ya jin Hausa, yaran suna zaginsa a gabansa, shi ko bawan Allah murmushi yake yi. Wayoyi kuwa a ƙarƙashin benci kamar a shagon caji. Amma da suka lura akwai dattijo a baya, wallahi sai aji ya yi tsit. Ban ce uffan ba, hulata kawai suka gani.

Da dare na ba yaron littafinsa na ce ya karanta mini shafi ɗaya. Ya kasa. Yaron da saura shekara guda ya zauna jarrabawar WAEC da NECO! Ashe tun aji ɗaya tura shi gaba kawai ake yi, ko ya ci ko bai ci ba. Wanda ba ya gane abin da ke kan allo, me zai yi na minti 40 in ban da surutu? Gara a ce masa fitinanne da a ce masa daƙiƙi, lissafinsa ke nan. Ni kuma laifina, shekara biyar ina biyan kuɗin PTA ban taɓa buɗe jakarsa ba, amma gonata kullum sai na zaga ta.

Ban ce a yar da bulala ba, mu ma mun sha ta. Sai dai bulala ba ta koya wa yaro baƙi. Akwai kuma waɗanda matsalarsu shaye-shaye ce. Gwamnati ta hana shigo da maganin tari mai kodin tun 2018, amma ƙwaya ba ta ƙare a gari ba, wannan sai an haɗa da mai unguwa da hukuma. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne uban da za a hori ɗansa, ya kwaso ƙattai ya je ya ci mutuncin malami a gaban yara. Gobe da wane ido wannan malami zai tsaya gaban allo?

Roƙona ga ƙungiyar iyaye da malamai ta kowane gari, a raba kwanaki, kowace rana uba ɗaya ko biyu su je su zauna a aji, ban da ranar kasuwa da lokacin girbi. A karɓe waya a bakin ƙofa, a mayar in an tashi. Hukumar ilimi kuma ta daina tura yaron da bai iya karatu ba gaba.

Nawa dai na sayar da buhun wake ɗaya na sa shi darasin yamma wurin wani malamin firamare mai ritaya, kuma na kai shi ya ba malamin lissafi haƙuri a gaban 'yan ajinsu. Ran Laraba mai zuwa ma ni ne da zama.

Naka,
Wani manomi, daga Jihar Katsina.