Hannu A Aljihu: Darasin Da Aka Karanta A Baibai Daga Hoton Yusuf Dikec



Duk mai riƙe da waya a ƙarshen watan Yulin 2024 ya ga hoton nan: wani Baturke mai furfura, sanye da farar riga mai gajeren hannu da tabarau irin na kowa, hannun hagu a aljihu, na dama a miƙe da ƙaramar bindiga. Sunansa Yusuf Dikec, shekarunsa 51 a lokacin. Shi da abokiyar wasansa Sevval Ilayda Tarhan suka ciyo wa Turkiyya lambar azurfa a harbin mita 10 na gasar Olamfik ta Faransa, bayan 'yan Sabiya sun doke su da ci 16 da 14 a wasan ƙarshe. Nan da nan aka cika Facebook da sharhi iri ɗaya: ga gwani nan ba ya buƙatar kaya, sauran duk ƙyale-ƙyale ne. Wasu ma cewa suka yi makashin haya ne aka aiko.

Ra'ayina shi ne an karanta hoton a baibai. A wasan harbin saiti, zaɓen sassan bindiga da daidaita su da jikin mai harbi rabin aikin ne, sai dai rabin ne da kyamara ba ta ɗauka.

Mu fara da abin da ido ya gani. Sa hannu a aljihu ba isa ba ce. Dokar hukumar wasan ta duniya, ISSF, ta ce da hannu ɗaya ake harba ƙaramar bindiga, don haka ɗayan hannun dole a nema masa masauki kada ya yi lilo ya girgiza jiki. Wasu aljihu suke sa shi, wasu su maƙale shi a bel. Rigar ma haka: an hana masu ƙaramar bindiga sa duk wata sutura da za ta tallafe jiki, har takalmi ba a yarda ya rufe idon sawu ba. Waccan riga mai kauri kamar sulke da mutane suka riƙa kwatantawa da tasa, ta masu doguwar bindiga ce, wani fanni daban. Abin da Dikec ya bari shi ne tabarau na musamman da babban abin toshe kunne, kuma ko shi akwai ƙananan matosai a kunnensa. A gasar nan dai Kim Ye-ji ta Koriya ta Kudu ta fito da nata tabarau mai gilashi a ido ɗaya da marufi a ɗayan, ita ma azurfa ta ci. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

To ina kayan suke? Suna cikin tafin hannunsa.

Bindigar harbin mita 10 da iska take aiki, ba da albarushi ba. Akwai 'yar tukunyar iska a ƙarƙashin bututun, ita ke tura ɗan ƙaramin harsashin darma mai faɗin milimita 4.5, nauyinsa kimanin rabin giram. Da'irar maki goma a jikin allon kuwa faɗinta milimita 11.5 ne, kamar maɓallin riga. Mutum zai tsaya da hannu ɗaya a miƙe ya yi harbi 60 cikin minti 75 yana neman wannan maɓalli. A irin wannan aiki, duk abin da ya goce da faɗin gashi ana ganinsa a maki.

Abu na farko da ɗan wasa ke dubawa shi ne mariƙi. Kamfanonin da suka yi suna a fannin, irin su Steyr na Ostiriya da Morini na Suwizalan da Pardini na Italiya da Walther da Feinwerkbau na Jamus, suna sayar da mariƙin katako girma-girma, na hannun dama da na hagu. Amma da wuya gwani ya bar shi yadda ya zo daga kamfani. Za a goge inda ya tokari hannu, a cike inda ya bar rami, a ɗaga ko a sauke 'yar tudun da ke tare ƙasan tafi, har sai ya zama idan mutum ya rufe ido ya ɗaga bindigar, ya buɗe ya tarar da saiti a miƙe ba tare da ya murɗa wuyan hannu ba. Dalilin a fili yake: idan sai an murɗa hannu kafin saiti ya daidaita, to tsoka ce ke riƙe da shi, tsoka kuwa tana gajiya tun kafin harbi na arba'in. Doka ta yi iyaka a nan ma. Mariƙi ba zai zagaye hannu ba, ba zai taɓa wuyan hannu ba, bindigar ba za ta wuce kilo ɗaya da rabi ba, kuma sai ta shiga wani akwatin awo mai tsawon santimita 42, faɗi 20, zurfi 5.

Na biyu kunama. Ƙa'ida ta ce kada ta tashi da abin da bai kai giram 500 ba, wato nauyin ledar ruwa guda. Alƙalai suna rataya ƙarfe mai wannan nauyi a jikin kunamar, bakin bindiga yana kallon sama, a ɗaga a hankali. In ta tashi, an faɗi gwaji, kuma wanda aka kama bayan gasa an soke makinsa. Shi ya sa masu hankali suke ƙara 'yan giram kaɗan a kai don kada canjin yanayi ya ja musu asara. A cikin giram 500 ɗin nan ne gwaninta take. Kunamar hawa biyu gare ta: na farko yatsa yana tafiya a sake har ya ji ya tokari wani abu, na biyu shi ke sakin harbi. Ɗan wasa shi ke raba nauyin tsakanin hawa biyun da 'yan ƙananan sukurori. In ya tara kusan duka a hawan farko, na biyu zai yi laushi, harbi ya riƙa kuɓuce masa ranar da zuciya ke bugawa. In ya bar nauyi da yawa a na biyu, sai ya danna da ƙarfi, bakin bindiga ya karkace. Ita kanta kunamar ana matsar da ita gaba ko baya gwargwadon tsawon yatsa, don matsin ya tafi baya sak, ba gefe ba.

Na uku saiti, kuma a nan maganar tabarau take. Ba a yarda da madubin da ke kusanto da abu ba. Ɗan tsini ne a gaba da 'yar tsaga a baya, tazararsu kamar santimita 35. Yi lissafi da kanka: allo yana nesan mita 10, don haka kuskuren milimita ɗaya tsakanin tsini da tsaga yana zama kusan santimita uku a jikin allo. Wannan ne ya sa ake koya wa mai harbi ya kafa ido a kan tsinin, ya bar allon ya yi dishi-dishi. Gilashin da su Kim ke sawa aikinsa ke nan, ya fito da tsinin tar, marufin kuma ya hutar da ɗaya idon ba tare da an runtse shi ba. Wanda idonsa ke yin wannan aiki da tabaronsa na kullum, me zai yi da ƙarin kaya? Barin abin da ba ka buƙata shi ma zaɓe ne, kuma ba ya yiwuwa sai ga wanda ya san idonsa. Dikec tun 2008 yake zuwa Olamfik, wannan ce ta biyar.

Na huɗu harsashi. Gwangwani biyu na kamfani ɗaya, suna ɗaya, na iya bambanta a bututu ɗaya saboda ba lokaci guda aka buga su ba. Har girman kan ana rubutawa, wannan 4.49, wancan 4.50. Manyan 'yan wasa sukan ɗaure bindiga a jikin ƙarfe don cire hannun mutum daga lissafi, su harba rukuni-rukuni, su ga wanne ya fi taruwa a rami ɗaya, sannan su sayi wannan rukunin da yawa. Masu harbin mita 50 har ɗaukar bindigarsu suke zuwa wurin gwaji na kamfanin Eley a Ingila don haka kawai. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

A doguwar bindiga abin ya fi haka tsanani. Makin goma a mita 10 ɗigo ne mai faɗin rabin milimita, kamar ayar da biro ke ɗigawa a ƙarshen jimla, kuma ana ƙirga maki har zuwa 10.9. Gindin bindigar da ke zama a kafaɗa, da inda kunci ke kwanciya, da tsayin saiti, da 'yan ƙarafan da ake ratayawa don daidaita nauyi, duk ana motsa su da milimita. Ita kuma rigar nan mai kauri, alƙalai na da na'urar auna kaurinta da taurinta, domin an san in aka saki mutane, riga ce za ta riƙa tsayuwar a madadinsu.

Wanda ke shakkar tasirin kaya ya dubi abin da ya faru a 2005. A shekarar aka canza dokar harbin sauri na mita 25: aka hana ƙaramin harsashin da ba ya girgiza hannu sosai, aka hana mariƙin da ke naɗe hannu, aka ce kunama sai ta kai kilo ɗaya. Kafin nan Ralf Schumann na Jamus ya kai maki 597 cikin 600. Bayan canjin maki suka sauka, har 593 da Christian Reitz ya samu a 2013 ya zama tarihin duniya. Mutanen ba su manta harbi ba, kayan hannunsu aka taɓa.

Na san akwai masu ja, kuma suna da hujja. Za su kawo Matthew Emmons na Amurka, wanda aka lalata wa bindiga kafin gasar tantance 'yan wasan da za su je Olamfik ta 2004 a Girka. Ya ari ta wata tsohuwar abokiyar wasansa, Amber Darland, ya kuma ci zinare da ita a harbin kwance. Mu da muke cewa kayan aro ba ya rufe katara, ga shi ya rufe. Za su kuma kawo Karoly Takacs na Hangari, da gurneti ya lalata wa hannun dama a 1938, ya koma hagu ya ci zinare a 1948 da 1952. Na yarda mutum shi ne gaba da ƙarfe. Amma abin da Emmons ya ara bindigar gasa ce ta 'yar wasa irinsa, irin wadda ake kwancewa a ɗaure daidai da jikin mai riƙe ta. Kuma labarinsa bai ƙare nan ba. A 2008 a birnin Bejin yana kan gaba, saura harbi ɗaya ya ci zinare, kunama ta tashi kafin ya gama sauko da saiti kan allo, ya samu 4.4, ya ƙare na huɗu. Doguwar bindiga ba ta da dokar giram 500, kunamarta tana iya yin laushin da taɓi kaɗan ya isa. Laushin da ke taimakon mutum a harbi tara shi ne ya ci shi a na goma. Tsakanin yatsa da ƙarfe ba a iya cewa ga inda laifin ɗaya ya tsaya na ɗaya ya fara.

Hujja ta biyu ta fi nauyi: idan kaya suna da wannan tasiri, ashe wasan na masu kuɗi ne. Akwai gaskiya a ciki. Bindigar gasa mai kyau ta haura dala 1,000 nesa ba kusa ba, kuma Abhinav Bindra, wanda ya fara ciyo wa Indiya zinaren mutum ɗaya a 2008, filin atisaye aka gina masa a gida. Sai dai kuɗi bindiga suke saya, ba sa sayen dacewa. A matakin ƙoli kowa na riƙe da ta manyan kamfanonin nan, bambancin yana wajen wanda ya san abin da zai taɓa da abin da zai ƙyale. Shawarar da masu horarwa suka fi maimaitawa ba ta cin ko sisi: canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, rubuta abin da ka canza, ka yi kwanaki kana harbi da shi kafin ka yanke hukunci, kada kuma ka kwance komai daren gasa. Wanda ya canza mariƙi da kunama da harsashi rana ɗaya, ko makinsa ya hau bai san wanne zai gode wa ba. Sabon shiga kuwa, wanda harbinsa ke watsewa kamar an watsa gero, babu rukunin harsashin da zai tara masa shi. Mariƙi daidai hannunsa da atisaye su ne nasa tukuna.

Me ya kawo wannan magana zauren marubuta? Saboda mu ne muke mayar da hoto labari, kuma labarin da aka rubuta a kan wannan hoto mai arha ne: gwani daga sama ya faɗo. Yana da daɗin karantawa, amma yana koya wa yaro cewa shiri alamar rauni ne. Haka muke yi a ƙagaggun labaranmu. Jarumi zai zari bindiga ya harbe abu daga nesa, ba a taɓa nuna shi yana duba saiti ba. Tela zai ɗinka, makaniki zai gyara, maƙeri zai ƙera, amma ba mu san sunan ko ƙarfe ɗaya a shagonsu ba. Mai karatu da ya san sana'ar yana gane mu tun a shafin farko. Da ɗayanmu ya rubuta mai harbi yana goge mariƙi da dare, yana gwadawa a tafi, yana sake gogewa, da ya ba mu mutum mai rai fiye da shafi goma na yabon jarumta.

Aikin wannan mako ga mai sha'awa: ka zaɓi sana'a ɗaya a unguwarku, ka zauna da mai ita, ka tambaye shi wane sashe na kayan aikinsa ne ya gyara da hannunsa don ya dace da shi, da dalilin gyaran. Ka rubuto mana sakin layi biyu a kan wannan sashe kaɗai.

Allah Ya ƙara mana basira. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.