Wasiƙa a Buɗe ga Masu Wayarin Mota: Zaɓe da Ɗaura Kyamarorin Bidiyo

Zuwa ga masu aikin wutar mota, iyayen gida da yaransu.

Na'urar ɗaukar bidiyo mai kyamara da yawa iri biyu ce. Akwai ƙarama da ake mannawa a gilashin gaba, mai ido biyu ko uku: ɗaya na kallon titi, ɗaya cikin mota, ɗaya baya. Akwai kuma akwatin da ake ɓoyewa a ƙarƙashin kujera, wanda ke karɓar kyamara 4 ko 8. Ƙaramar ta ishi motar gida da tasi. Bas irin Hiace da tirela da tankar mai kuwa sai akwatin, domin ta gefen doguwar mota ne mai babur ke kutsawa direba bai gan shi ba. Ko wacce aka zaɓa, amfaninta ba ya fitowa sai ranar haɗari ko gardama a hanya, kuma ranar ce ake gane hannun wanda ya ɗaura ta.

Zafi ne abin dubawa na farko. A watan Afrilu, a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, zafi yana haura digiri 40, kuma saman dashbod na motar da aka kulle a rana kan kai digiri 70. Ƙaramin batirin litiyom da ke cikin kyamarori masu araha yana kumbura a irin wannan yanayi, don haka mai kafasito ce ta dace da ƙasarmu. Kyamarar da za ta zauna a waje kada ta gaza IP67, saboda damina da ƙurar hunturu. Rubutun 4K a jikin kwali ba hujja ba ne, da yawa ƙaramin hoto suke buɗawa. Gwajin gaskiya shi ne a fita da ita da dare, a ga ko lambar motar da ke gaba tana karantuwa.

Wurin da aka fi yin sakaci shi ne memori. Na'urar tana ɗauka ne tana goge mafi tsufa idan wuri ya cika. Kyamara ɗaya mai 1080p tana cin kusan GB 6 a awa, huɗu kuma kusan GB 24, ke nan katin GB 128 zai cika cikin kimanin awa biyar. Bas ɗin da ya tashi daga Kano zuwa Legas, kafin ya isa, abin da ya faru a Zariya ya daɗe da gogewa. Ya kamata mai wayari ya tambayi tsawon tafiyar motar kafin ya faɗi girman kati, kuma motar dogon zango a sa mata SSD. Katin ma ya zama irin wanda aka ƙera don rubutu dare da rana, ba na waya ba. Katunan jabu sun cika kasuwa, suna nuna girman da ba su da shi, shi ya sa ake gwada kati a kwamfuta kafin a saka. Sai ma'aunin girgiza, wanda ke kulle bidiyo idan ya ji karo: a titi mai ramuka zai ɗauki kowane rami haɗari, ya cika kati da bidiyon da ba ya goguwa. A rage masa ƙarfin ji.

Wuta daga akwatin fis ake ɗaukarta, ba ta hanyar fere waya a naɗe da salatif ba. Ana neman fis biyu da mita: wanda ke kawo wuta idan an murɗa makulli, da wanda ke da wuta kullum, don ɗauka lokacin da mota ke ajiye. Kada a kusanci fis na jakar iska, ko na birkin ABS, ko na kwamfutar injin. Wayar bodi a ɗaure ta a noti mai taɓa tsuran ƙarfe, ba kan fenti ba. Cikakken batir yana nuna bolt 12.6, kuma na'urar da ke yanke wa kyamara wuta idan batir ya yi ƙasa a saita ta a 12.2, in ba haka ba mai mota zai wayi gari mota ta ƙi tashi. Manyan motoci bolt 24 suke amfani da shi, sai a tabbatar na'urar tana jure shi.

Wajen jan waya, ginshiƙin da ke gefen gilashin gaba yana da haɗari, domin a motoci da yawa jakar iska na bi ta nan. Waya ta bi ta bayanta, a ɗaure ta tare da wayoyin kamfani. Idan ta gitta ta gabanta, ranar haɗari za ta iya hana jakar buɗewa daidai, kuma wannan maganar rai ce. A mota mai ƙofar baya irin Sienna ko Sharan, waya ta ratsa ta cikin robar da ke haɗa ƙofar da jiki, ko da aikin zai ci lokaci. Kyamarar gaba ta zauna a bayan madubi, cikin wurin da waifa ke sharewa. Kyamara mai fitilun gani da dare ba a sa ta tana kallon gilashi, haskenta zai dawo ya makantar da ita.

Kafin a miƙa makulli, a saita rana da lokaci. Najeriya da Nijar suna gaba da GMT da awa ɗaya. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011 ya yarda da shaidar da na'ura ta samar, bisa sharaɗin a nuna tana aiki daidai, kuma bidiyo mai kwanan watan da ba daidai ba yana ba abokin shari'a ƙofar musu. Motar haya mai ɗaukar fuskoki da muryoyin fasinja tana buƙatar sanarwa a manne inda kowa zai gani, musamman tun da Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta fito. Abin da mai wayari ya gani a katin wani amana ne, ba na turawa a WhatsApp ba. Daga nan a zaga da motar, a cire kati, a duba kowace kyamara a gaban mai ita, a nuna masa yadda ake kulle bidiyo da yadda ake wanke kati duk wata.