Kan RX 350 ɗin da abokina yake son saya da kuɗin gado

Jama'a ku yi haƙuri, yau rubutun zai ɗan yi tsawo. Na nemi izinin mai maganar kafin in ɗora, ya ce in rubuta amma kada in kama suna.

Ni da shi muna digiri na biyu a nan Ibadan, ɗaki ɗaya muke haya a Agbowo. Watan jiya aka raba musu gadon mahaifinsu, Allah ya jiƙansa, aka sayar da wani fili, kasonsa ya shigo hannu. Tun daga ranar ba shi da zance sai Lexus RX 350, ƙirar 2010, tokumbo. Cikin dare sai in farka in gan shi yana duba hotunanta a waya. Na ce masa kada ya saya. Ya yi dariya ya ce, "Mutumina, baƙin ciki kake yi." Wasa ne, amma na san akwai gaske a ciki.

To bari in fara da abin da zai ba shi mamaki: motar nan ba ni da abin kushe ta. Na tuƙa ta kusan shekara guda lokacin ina hidimar ƙasa, ta kawuna ce a Agege, ni nake kai shi unguwa in dawo da shi. Idan ka rufe ƙofa ka ɗaga gilashi, hayaniyar Legas sai ta koma kamar daga wani gari take zuwa. Kujerun fata, sanyin esi mai ratsa jiki, giyarta mai hawa shida tana canzawa ba ka ma ji. Akwai wani ɗan abu kusa da giya mai kama da mawus na kwamfuta, da shi ake sarrafa allon gaba, kawu har ya sayar da motar bai iya amfani da shi ba. Rami kuwa tana shanye shi ba ta jijjiga maka hanji. Wanda ya taɓa bin hanyar Legas zuwa Ibadan a bas mai kujerun katako ya san darajar wannan.

Sai dai mutane da yawa ba su san mece ce ita ba. Muna kiranta jif, muna saka ta layi ɗaya da Prado, alhali ba dangi ɗaya ba ne. Prado da GX suna da shasi na ƙarfe daban da aka ɗora bodi a kai, kamar motar ɗaukar kaya, don haka suke jure daji. RX kuwa tun fitowarta ta farko a 1998, lokacin tana RX 300, daga gindin ƙaramar mota irin Camry aka samo ta, bodi da shasi abu ɗaya ne. A Japan ma da sunan Toyota Harrier aka fara sayar da ita. Ni a wajena Camry ce ta sa babbar riga ta hau takalmi mai tsini. Da yawansu tayoyin gaba kaɗai ke ja, masu jan taya huɗun ma ba don laka da yashi aka yi su ba, don titi mai santsi ne. Abokina yana cewa zai riƙa zuwa ƙauyensu da ita da damina. Na ce Allah ya kai mu, ka tanadi igiya da samari shida.

Wannan dangantaka da Camry ita ce babban alherinta, gaskiya. Injinta mai fulogi shida, lita 3.5, irinsa ne a cikin Highlander da Sienna da Avalon, ƙarfin doki 270 da ɗoriya, kuma sarƙa yake amfani da ita ba bel ba. Kowane bakanike ya san shi, safaya kuma daga Ladipo har kasuwar Gate ta nan Ibadan ba ka rasawa. Shi ya sa ta cika titunan ƙasar nan.

Amma fa wannan injin shi ne inda ni da abokina muka raba hanya. Tankinta yana cin lita 72 da 'yan kai. Ko a naira 900 ka lissafa lita, cikawa ɗaya ta haura dubu 65. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan dubu 70 ne. A takarda, cikin gari tana yin wajen kilomita 8 a lita ɗaya, wannan kuma lissafin titunan Amurka ne. Saka ta a cunkoson Iwo Road da rana tsaka da esi a kunne ka ga yadda allurar mai ke sauka kana kallo. Kawuna ya riƙe tasa da daɗi lokacin lita ba ta kai naira 200 ba. Bayan 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafi, mutumin da yake da shaguna uku ya fara tambayata, "Wai ina da ina ka je ne?" Su kansu masu ƙera ta, a sabuwar da suka fitar ta 2023 sun ajiye fulogi shidan, sun koma inji mai fulogi huɗu, lita 2.4 da turbo.

Ga kuma shekaru. Motar 2010 ta haura shekara 15, komai ƙyallin fentinta. Roba tana tsufa, ƙafa tana son gyara, taya huɗu masu girman nan ba kuɗin wasa ba ne, baƙin mai kuma na kirki take so. Wasu tokumbon sun yi haɗari ko sun sha ruwan ambaliya a can, aka saye su a gwanjo aka gyara fuska. Wasu an juya musu lambar tafiya baya. Wasu an cire musu abin tace hayaƙi, wanda bakanikai suke kira indomi, sai shan mai ya ƙaru. Da na haɗa masa lissafi, bayan kuɗin mota da takardu abin da zai rage masa bai kai ya riƙe ta zango ɗaya ba. Shi kuwa ba albashi, aikin bincikensa yana babi na uku, akwai zuwa tattara bayanai, akwai kuɗin makaranta na shekara mai zuwa, akwai ƙanne mata biyu a gida da suke ganin shi ne uba yanzu.

Da muka yi nisa a gardamar sai ya faɗi abin da ke ransa, kuma a nan ne jikina ya yi sanyi. Ya ce ya gaji. Ya gaji da a gan shi da hula a ce "Aboki" da irin muryar nan. Ya gaji da ya shiga ofis da takardunsa a ɗauka ya zo gyaran takalmi ko neman gadi. Akwai ranar da wata ta miƙo masa kuɗi a bakin get ta ce ya kai ta Bodija, don ta gan shi tsaye kusa da babur ɗin wani. Ya ce ranar da ya shigo makaranta a cikin RX, duk wannan ya ƙare.

Ban ƙaryata shi ba, ni ma an yi mini. Duk ɗan Arewa da ya yi karatu a Kudu yana da irin labarin nan. Kuma gaskiya ne motar tana sauya gaisuwa, na gani da idona a Agege, mai gadin da bai taɓa kallona ba ya fara sara mini yana cewa "Alhaji". Sai dai na ga ɗaya gefen ma. Saurayi ɗan shekara ashirin da wani abu a cikin Lexus, a hanyoyin nan namu, sunansa ɗan Yahoo har sai ya wanke kansa. Sau nawa aka sauke ni gefen titi, a ce buɗe but, kawo waya, me kake yi, motar waye. Da katin hidimar ƙasa a aljihuna fa. Wato ka fita daga wani zato ka faɗa wani, wannan karon kuma kai kake sayen mai. Sufabaizanmu, wanda sa hannunsa ne zai fitar da mu daga makarantar nan, tsohuwar Corolla yake shigowa da ita, ban san yadda zai kalli ɗalibin da ya ce ba shi da kuɗin zuwa tattara bayanai amma ya faka RX kusa da shi ba.

Na ba shi shawara biyu. Ko ya ajiye kuɗin a wani abu da ba ya shan mai har mu kare, ko in dole sai mota, ya nemi ƙarama mai fulogi huɗu ya bar canji a hannu. RX ba gudu za ta yi ba, an ƙera su da yawa, ranar da yake da albashin ciyar da ita zai same ta, wataƙila ma wadda ta fi wannan ƙuruciya.

Bai yarda ba tukuna. Ya ce ranar Asabar zai je Berger ya ga wata fara da dillali ya turo masa. Na ce zan raka shi, da sharaɗin mu tafi da bakanikenmu da na'urar duba inji, mu binciki lambar shasi a intanet, kuma ya kira Hajiyarsu ya gaya mata da bakinsa kafin ya tura ko sisi. Sharaɗi na ukun ne har yanzu bai amsa ba.

Masu RX a cikinku, don Allah ku faɗa mana nawa take ci muku a wata, mai da gyara, tsakani da Allah ba na fariya ba. Yana nan yana karantawa.