Tsibin ƙasar Hen Domen da maganar iyakokinmu

Jama'a masu karatu, musamman ku ƴan kasuwar Dan Isa, Ƙonni da Magarya, yau zan kai ku nesa, zuwa iyakar Ingila da Wales, wurin wani tsibin ƙasa da ciyawa ta rufe. Sunansa Hen Domen, wato "tsohon tsibi" da harshen mutanen Wales. Wanda bai sani ba zai wuce shi ya ce tudu ne kawai. Alhali kuwa bariki ne na tsaron iyaka.

Bayan da Wiliyam na Normandi ya ƙetaro daga Faransa ya ci Ingila a 1066, sai ya ba wani na hannun damansa, Roger de Montgomery, ƙasar da ke bakin iyaka. Wajen 1070 shi Roger ya sa aka haƙa gwalalo, aka tara ƙasar da aka haƙo ta zama tsibi mai tsawon kamar mita 8, aka ɗora hasumiyar katako a bisa, aka kewaye farfajiyar da kafi. Babu dutse cikin ginin. Dalilin zaɓen wurin ɗaya ne: kusa da shi akwai mashigin kogin Severn, inda mutum da dabba ke ƙetarewa da ƙafa. Wanda ya riƙe mashigi ya riƙe hanya. Ku kun fi ni sanin wannan.

Daga 1960 har zuwa 1992 masana, Philip Barker da Robert Higham, suka yi ta tonon wurin. Abin da suka samu shi ya sa na ɗauki alƙalami. Farfajiyar cunkushe take da ramukan ginshiƙai: ɗakuna, rumbu, wurin tara ruwa, da gadar da aka yi ta sakewa. Amma kayan alatu ba su taka kara sun karya ba, sai fasassun tukwane, ƙusoshi, takalman dawaki da kan kibiya. Ashe masu gadin ma ba daɗi suka sha ba. A ƙarƙashin ganuwar kuma aka ga alamun kunyoyi, wato gonar wani talaka aka danne aka gina barikin. Ban san yadda ku kuka ji ba, ni dai wannan manomin ya fi tsaya mani a rai bisa ga sarakunan.

Ko ya hana yaƙi? A 1095 mutanen Wales suka afka wa barikin suka kashe dakarun ciki. A 1223 sarki Henri na uku ya gina sabon na dutse bisa wani tsauni kusa, tsohon ya koma ƴar ma'aikatar sa ido, kafin a watse a bar shi wajen 1300. Shi ma na dutsen an rushe shi a 1649. Garin Montgomery kuwa, da sarki ya ba takardar ƴanci a 1227 ya kafa kasuwa, yana nan da mutanensa. Yau mota na wuce wannan iyaka babu mai tsayar da ita.

Wani zai ce mani: kai ɗan rediyo, ka manta da ɓarayin daji? Ban manta ba. Kullum muna karanta sanarwar shanun da aka kora da mutanen da aka sace. Tsaro wajibi ne, kuma soja da jandarma da ke kwana a daji sun cancanci addu'armu. Abin da na ƙi shi ne a ɗauka rufe hanya shi ne tsaro. Najeriya ta rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. Wa ya ji jiki? Mai albasar da ta ruɓe cikin mota, da ɗan dako, da mai tuwo-tuwon tasha. Mai bindiga dama ba ta gaban duwan yake bi ba.

Saboda haka ina kira ga shugabannin ƴan kasuwa na Maraɗi da Katsina, na Ƙonni da Illela, da su zauna tun yanzu da babu rikici, su rubuta buƙata guda su kai wa hukumomin ƙasashen biyu: duk saɓanin da zai taso nan gaba, a bar ƙofar abinci da magani a buɗe.